Littafin Aikin Injin Beetle 1600: Zaɓen Sandunan Ɗaure Tof Silinda

13 ga Janairu, 2024

Injin da nake sake ginawa na Volkswagen Beetle ne, mai girman cc 1584, wanda aka fi sani da 1600. Lambar da aka buga a jikin bulok, ƙarƙashin mazaunin janareta, ta fara da haruffan AD, wato ƙirar Jamus ce ta tsakanin 1970 da 1973, irin wadda kowane tof silinda nata, wato murfin da ke rufe kan silindu, yake da ƙofar shigar mai guda biyu. Ya girmi motar da aka ciro shi daga cikinta, domin ita haɗin Legas ce, kuma sai a 1975 kamfanin Volkswagen ya fara haɗa motoci a Nijeriya. Ke nan an taɓa yi wa motar musayar inji, abin da ba baƙo ba ne ga duk Beetle ɗin da ta kai waɗannan shekaru a ƙasar nan.

Kafin a sauke shi, alamomi uku ya nuna: wani huci fit-fit daga ɓangaren hagu idan aka taka totur da sanyin safiya, da tazarar bawul da ke ƙara buɗewa bayan kowane saiti, da yoyon baƙin mai daga bututun da sandunan tura bawul ke bi. Da aka cire kwanon rufin sanyaya yau, sai ga baƙin layin hayaƙi a kan haƙarƙarin silinda ta 3, daidai inda bakinta ke haɗuwa da tof.

Wannan inji ba shi da gasket tsakanin tof da silinda. Bakin silinda, wanda ƙarfen zubi ne, yana zama kai tsaye cikin gurbin da aka sassaƙa masa a jikin alminiyom na tof, kuma babu abin da ke hana wuta fita sai ƙarfin matsewa kawai. Masu matsewar su ne dogayen sandunan ƙarfe masu tiredi, wato haƙoran murɗa noti, a kai biyu, waɗanda makanikai ke kira sitod: 8 a kowane ɓangare, 16 gaba ɗaya, huɗu kewaye da kowace silinda. Kai ɗaya yana shiga bulok, ɗayan ya ratsa tof a ɗaura masa noti.

Notoci 14 sun kwance yadda ya kamata. Biyu na silinda ta 3 kuwa, sandar ce ta biyo notin ta fito ɗungurungum, tiredinta na ƙasa cike da wani abu mai launin toka da ya naɗe a tsakanin haƙoran. Na warware shi da farce, ya fito a murɗe, ya kakkarye a tafin hannuna. Tiredin bulok ne da kansa ya rabu da gidansa ya biyo ƙarfe. Sandunan biyu lafiyarsu ƙalau.

20 ga Janairu, 2024

An raba bulok gida biyu, an wanke shi da kananzir, an bar shi ya sha rana. A gefensa akwai tambarin zubi AS41, wanda ke nuna gaurayen magniziyom mai kusan kashi 4 cikin ɗari na alminiyom da kashi 1 na silikon. Rashin nauyi ne ya sa kamfanin ya zaɓi wannan ƙarfe, tun da injin a bayan tayoyin baya yake rataye, amma yana da hali guda da ya shafi aikinmu kai tsaye: idan ya daɗe cikin zafi kuma ana jan sa, sai ya riƙa saki a hankali, ba tare da ya karye ba, har tiredin da ke riƙe da sanda ya gaji ya bi ta.

Na duba bayan silinda ta 3, wajen fulayiwil, domin nan ne bulok ɗin Beetle ya fi tsagewa. Bayan gogewa da dubawa da gilashin ƙara girma ban ga tsaga ba. A injunan da suka gabaci ƙirar 1971, masanyayin mai yana tsaye ne cikin gidan fanka a gaban iskar da ke zuwa wannan silinda, shi ya sa take fin 'yan'uwanta zafi. Namu yana da gidan fanka na baya-bayan nan, wanda aka fitar wa masanyayin ɗakinsa daban, sai dai wani ya riga ya cire tamostat da ƙyamaren iska masu daidaita iskar sanyaya, kuma kwanon karkatar da iska na ƙarƙashin silindun hagu babu shi sam. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ɓangaren hagu ya fara saki.

Sauran sandunan duk masu kaurin milimita 10 ne, an murɗa su kai tsaye cikin magniziyom kamar yadda suka fito daga kamfani, in ban da guda ɗaya ta silinda ta 4, wadda gindinta ya fi kauri kuma yana da haƙora masu yanka wa kansu hanya. Gyaran gaggawa ne na wani makaniki a wani zamani. Ta riƙe, ban musa ba, amma ta ci ramin ƙwarai, kuma za ta tilasta mana wani girman bushin dabam a wannan gurbi.

3 ga Fabrairu, 2024

Babu gardama a kan cewa dukkan ramuka 16 za a sa musu bushin ƙarfe mai tiredi ciki da waje. Gardamar a kan kaurin sandar da za ta shiga bushin ɗin take: a mayar da masu milimita 10, ko a koma masu milimita 8.

Maigidan garejin da nake aiki a ciki, dattijo ne da ya yi shekaru yana kwance waɗannan injuna, ra'ayinsa a fili yake. Ya ɗaga tsohuwar sanda ya ce: "Malam, abin da mai kauri ya kasa riƙewa, siririya ce za ta riƙe shi?" Na ce: "Baba, ai sandar ba ta kasa ba, ga ta nan a hannunka ko lanƙwasa ba ta yi ba, bulok ne ya kasa riƙe ta." Daga nan muka ɗauko takarda.

Injin nan ƙarafa huɗu ne aka ɗaure wuri guda, kuma kowanne da yadda yake kumbura idan ya ji zafi. Ƙarfen sanda yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos, ƙarfen zubi na silinda ya ɗan gaza haka kaɗan, alminiyom na tof kusan 23, magniziyom kusan 26. A ɗauki alminiyom mai kaurin milimita 100 da zafinsa ya ƙaru da digiri 150: zai ƙaru da kusan milimita 0.35, alhali sandar da ta ratsa shi, ko da ta yi zafi daidai da shi, ba za ta wuce 0.18 ba. A zahiri ma ba ta kai shi zafi, domin rabinta a waje yake, iskar fanka na kaɗa shi. Bambancin nan dole wani abu ya ɗauke shi. Ko sanda ta miƙe, ko washa ta nutse cikin tof, ko tiredin bulok ya saki.

Misalin da na ba shi shi ne na ɗaurin kaya a bayan babur. Wanda ya ɗaure da roba, ko kayan sun motsa ko sun lotsa, robar na biye da su tana matse su. Wanda ya ɗaure da waya kuwa, ko dai ta yanki kayan ko ta yi sako-sako. Sandar tof aikin roba take yi, kuma siririya ta fi saurin miƙewa. Faɗin cikin sanda mai 10 ya fi na mai 8 da kusan kashi 56 cikin ɗari, saboda haka idan tof ya kumbura da adadi ɗaya, ƙarin jan da mai 8 za ta ɗora wa tiredin bulok ya gaza na mai 10 da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan injin ya huce kuma, ko wani abu ya ɗan zauna, mai 8 ba ta rasa matsewarta da sauri, domin tun farko an miƙar da ita fiye da 'yar'uwarta.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne lissafin matsewar. Littafin gyara ya ce a ɗaure notin sanda mai 10 zuwa Nm 32 (niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗawa), na mai 8 kuwa zuwa Nm 25. Ƙa'idar ƙiyasi ita ce a raba ƙarfin murɗawa da kaurin sanda, a sake rabawa da adadin da ke wakiltar gogayya, wanda akan ɗauka a 0.2. Na farko ya ba da kimanin kilonutan 16, na biyu 15.6, wato kowace sanda tana matsewa da nauyin kusan tan 1.6 ko wacce aka zaɓa. Huɗu na silinda guda sun haura tan 6. Faɗin saman fistin mai milimita 85.5 kusan murabba'in santimita 57 ne, kuma idan aka ƙaddara matsin wuta ya kai 40 a ma'aunin matsi na bar, abin da ke tura tof waje kusan tan 2.3 ne. Matsewa iri ɗaya ke nan a lokacin sanyi, da sauƙin ja a lokacin zafi. Shi kansa kamfanin Volkswagen wannan hanya ya bi wajen 1973, lokacin da ya koma sanduna masu 8 tare da bushin ƙarfe tun daga masana'anta, kuma injunan da suka biyo baya haka suka ci gaba da fitowa.

Akwai inda masu 10 suke da hujja, wato injin da aka ƙara wa matsi ƙwarai ko aka sa masa turbo, na'urar cusa wa inji ƙarin iska. Namu kuwa matsinsa na kamfani ne, 7.5 zuwa 1, kuma abin da zai fuskanta shi ne zafin Maris da Afrilu da cunkoson titi. Na tsaya a kan masu 8. Dattijon bai ce ya yarda ba, ya dai ce a sa a gani.

10 ga Fabrairu, 2024

An shiga neman kaya. Na aika saƙo ga masu tsofaffin kayan Beetle a Panteka a nan Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas. Hanyoyin da ke gabana huɗu ne.

Wani ya ba da shawarar a sayi doguwar sanda mai tiredi daga kai har gindi, irin ta masu gini da walda, a yayyanka ta daidai tsawo. Wannan ban tsaya nazarinta ba, domin ƙarfenta mai taushi ne da zai miƙe ya ƙi dawowa. Shawara ta biyu ita ce a ba mai injin sassaƙa ƙarfe ya ƙera sababbi. Matsalarta ita ce shi yanka tiredi zai yi, alhali na kamfani matse shi aka yi tsakanin faifai har ya tashi, ba a cire ko ɓurɓushi ba. Tiredin da aka matse ya fi santsi a gindin haƙora, kuma ya fi jure ja da saki sau miliyoyi, wanda shi ne ainihin aikin wannan sanda.

Ta uku ita ce sababbin sandunan kuromoli, wani gaurayen ƙarfe mai ƙarfi, da ake yi wa injunan tsere, waɗanda sai an yi odarsu daga Amurka ko Turai. Sun fi ƙarfi kafin su lanƙwasa ko su tsinke, gaskiya ne, amma yadda ƙarfe ke miƙewa a ƙarƙashin ja kusan ɗaya ne a kowane irin sitil, saboda haka ƙarin ƙarfin ba ya sauƙaƙa wa bulok komai. Idan ma jikinsu ya fi na kamfani kauri, to sun ƙara masa wahala ne. A kan jan da bai wuce tan biyu ba, kuɗin daloli ne za a kashe a kan ƙarfin da ba za a taɓa amfani da shi ba. Saura ta huɗu: sandunan asali na kamfani daga wani mataccen inji.

24 ga Fabrairu, 2024

An samo saiti biyu daga injuna biyu na baya-bayan nan, tare da notocinsu da washoshinsu. Saiti biyu na saya da gangan domin in tace. Bayan jiƙawa a kananzir da gogewa da burushin waya mai laushi, kowace sanda na mirgina ta a kan faifan gilashi: wadda ta miƙe tana tafiya shiru, mai lanƙwasa kuwa sai ta riƙa ɗingishi, haske na leƙowa ta ƙarƙashinta. Na ware duk wadda tsatsa ta yi wa rami a jiki, da duk wadda ke da sawun haƙoran filaya ko sifanar famfo, domin daga irin wannan rauni tsaga ke farawa. Sannan na murza noti mai kyau da yatsu a kan kowane tiredi daga farko har ƙarshe; inda ya cije a tsakiya alama ce ta cewa an taɓa ɗaure sandar har ta miƙe ta ƙi dawowa.

Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mai saye zai iya tafka asara. Tof mai ƙofa biyu yana buƙatar tsawo iri uku. Takwas na ƙasa su ne dogaye, domin notocinsu a cikin akwatin roka suke, wato inda hannayen danna bawul suke, ƙarƙashin murfin bawul. Na sama na tsakiya guda huɗu su ne gajeru, na sama na gefe kuma matsakaita. Sai dai a bulok irin namu, ramin sama na gefen silinda ta 3 an nutsar da shi can ciki, domin a ɗauke jan daga wurin nan mai saurin tsagewa, saboda haka doguwar sanda yake ɗauka. Lissafin ya zama dogaye 9, matsakaita 3, gajeru 4. Sandunan tof mai ƙofa ɗaya ba su dace a sama ba, ko da kaurinsu daidai ne.

Washoshin ma na tace su. Ramin tof yana da faɗin da sanda mai 10 za ta wuce, don haka siririyar washa ta kasuwa za ta lotsa ta shige ramin, matsewa ta zube ba tare da noti ya juya ba. Na kamfani masu kauri ne, su na ajiye. Wani ƙaramin abu da sauyin kauri ya jawo shi ne kwanon karkatar da iska na ƙarƙashin silindu, wanda a jikin sanduna yake maƙalewa: akwai na masu 10, akwai na masu 8, kuma na farkon ba ya kama siririyar sanda. An samo biyu na masu 8 daga injunan nan.

9 ga Maris, 2024

Bulok yana wurin mai injin sassaƙa ƙarfe. Bushin da aka samo iri biyu ne, duk cikinsu na sanda mai 8: masu faɗin waje milimita 12 guda 15, da mai milimita 14 guda ɗaya saboda ramin da sandar gyaran gaggawa ta cinye. Fa'idar bushin ita ce yana raba jan a kan da'ira mai faɗi, domin tiredi mai 12 ya fi mai 10 kewaye da kashi 20 cikin ɗari, kuma daga yanzu duk murɗawa da kwancewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe za ta kasance, magniziyom ba zai ƙara jin gogayya ba. Na guji sa masu 14 a ko'ina, duk da cewa sun fi riƙo, saboda ramukan suna kusa da bakin gurbin silinda, kuma duk naman da aka cire a wurin ba ya dawowa. Naɗin waya da ake gyara tiredi da shi ma ban karɓe shi ba, domin ba ya faɗaɗa wurin riƙo kamar bushin.

Sharaɗin da na fi nanatawa shi ne kada a huda ko rami ɗaya da injin hannu. Sanda ce mai tsawo, kuma karkatar digiri ɗaya a gindi tana zama fiye da milimita 4 a nisan milimita 250, wanda ya isa ya sa ta goga haƙarƙarin silinda ko noti ya zauna a karkace. An kwantar da kowane rabin bulok a kan teburin inji da fuskar haɗinsa a ƙasa, aka huda, aka fara yanka tiredi da taf a cikin bakin injin ba tare da an motsa aikin ba, sannan aka ƙarasa da hannu. Kowane bushin an shafa masa gam mai kulle tiredi, an nutsar da shi kaɗan ƙasa da fuskar da gindin silinda ke zama, domin idan ya ɗago ko da kaurin takarda ne, silindar za ta zauna a kansa ta karkace.

Na roƙi maƙwabcinsa mai walda ya dakata har a share wurin. Ɓurɓushin magniziyom yana kama wuta da farin haske, kuma ruwa ƙara masa fushi yake yi; busasshen yashi ake zuba masa. An tara ɓurɓushin a gwangwani an fitar. Bayan an gama bushin ne za a daidaita gurbin mital, wato mazaunin da karanshaf ke juyawa a kai, domin kada wani aiki ya biyo bayan awo.

23 ga Maris, 2024

Aiki ya ragu saboda azumi, da safe kawai ake yi. An yi haɗin gwaji ba tare da gam ba. Duk sanduna 16 sun shiga bushin da yatsu, silindu sun zura ba tare da gogayya ba, tof ɗin biyu sun zauna ba a buga su ba. Wannan shi ne shaidar cewa ramukan sun miƙe. An wasa bakin kowace silinda a gurbinta na tof da man wasa bawul har zoben toka ya kewaye ba yankewa, kuma an tabbatar cewa silindu biyu na kowane ɓangare tsawonsu ɗaya, domin tof guda ne ke rufe su, in ɗaya ta fi tsawo ko wace sanda aka sa ɗayar za ta yi huci. Tazarar saman fistin da bakin silinda ta tsaya tsakanin milimita 1 da 1.5, inda masu gina wannan inji suka saba ajiye ta.

Na gwada sifanar awo, tun da duk lissafin baya a kanta ya dogara. An kama bakinta a bayis, hannunta a kwance, aka saita ta a Nm 25, aka rataya nauyin kilo 10 a nisan santimita 25.5 daga tsakiyar bakin. Ta yi ƙas a kusan daidai wurin. A sanda mai 8 babu wurin ɗaurin ji da hannu, balle a zura bututu a sifana. Nm 25 ƙarfi ne da yaro zai iya bayarwa, kuma hannun da ya saba da tof ɗin babbar mota zai ga kamar ba a ɗaure komai ba.

13 ga Afrilu, 2024

Bayan hutun salla aka yi haɗin ƙarshe. Wasu daga cikin ramukan a buɗe suke zuwa cikin bulok, don haka gindin kowace sanda an shafa masa gam mara bushewa domin hana mai biyo tiredi. An murɗa su har tsawon da aka auna a haɗin gwaji, ba a cusa su har su tokare ba. Kwanukan karkatar da iska sun shiga kafin bututun sandunan bawul, domin bayan tof ya hau babu hanyar sa su. Bututun takwas an ja su zuwa kusan milimita 190 domin sababbin robobinsu su samu matsi, ɗinkinsu yana kallon sama.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ake sa wa sifana a gogayyar tiredi da ƙarƙashin noti yake ƙarewa, ɗan abin da ya rage ne ke miƙar da sanda. Saboda haka busasshen noti da mai maiƙo, ko an ɗaure su da awo ɗaya, matsewarsu ba ɗaya ba ce. Abin da na nema shi ne daidaito: ɗigon baƙin mai a tiredin kowace sanda, a goge rarar. Washoshi huɗu na ƙasa a kowane tof, da yake cikin mai suke wanka, an sa musu gam a fuskar da ke kallon alminiyom.

An fara ɗaurewa zuwa Nm 10, daga na ƙasa, domin su ne ke fama da turjiyar bututun nan, ana lura da yadda robobin ke shiga gurbinsu. Daga nan aka hau mataki-mataki, ana tsallakawa sama da ƙasa daga tsakiya zuwa gefe bisa jerin littafin gyara, har zuwa Nm 25. An bar injin ya kwana, washegari aka sake bi, notoci kaɗan na ƙasa suka ɗan juya kafin sifana ta yi ƙas. Kowace sanda ta leƙo bayan notinta, kuma babu wadda ta taɓa sandar roka. An ɗaure notocin roka a Nm 25, aka saita bawul takwas a milimita 0.15.

27 ga Afrilu, 2024

An tayar da injin a kan mazauni, ba a cikin mota ba, da dukkan kwanon sanyaya a jikinsa, da tamostat da ƙyamaren iska da aka mayar, da baƙin mai lita 2.5. Ya yi minti 20 a kusan juyi 2000 domin sabon kamshaf ya zauna. Babu huci, babu yoyo.

Dalilin tayar da shi a waje shi ne notocin sama. Da zarar inji ya shiga mota, suna ɓoye ƙarƙashin kwano da bututun mai, na ƙasa kawai ake iya kaiwa, kuma ban ga hikimar ƙara wa rabin tof ɗauri a bar ɗaya rabin ba. Washegari, da injin ya yi sanyi sarai, aka cire kwanon sama da roka, aka bi duk 16 da sifana a Nm 25. Sun ɗan karɓa kusan daidai da juna, wanda shi ne zaman washa da bakin silinda bayan zafin farko. Da a ce guda ɗaya ta yi ta juyawa ba ta kai awo ba, da bushin ne ke tahowa. Babu wadda ta yi haka.

18 ga Mayu, 2024

Injin yana cikin mota, kuma ya yi kusan kilomita 500, har da zuwa Zariya da dawowa da tsakar rana. Daga yanzu tazarar bawul ce ma'aunin lafiyar sandunan, domin idan tof ya fara ja baya daga bulok, tazarar silindar da abin ya shafa buɗewa take yi, musamman idan bawul biyunta suka buɗe tare. An auna da sanyin safiya: shida suna nan a 0.15, bawul ɗin fitar hayaƙi na silinda ta 1 da ta 3 sun ɗan matse, abin da ya saba faruwa ga sabon wasa, kuma an mayar da su. Na leƙa ta ƙasa da tocila, haƙarƙarin silinda ta 3 babu baƙi.

Robar da ke kewaye da ɗakin inji ta tsattsage a kusurwar hagu, kuma ta nan zafin salansa ke komawa bakin fanka. An yi odar sabuwa, motar ba za ta ƙara yin doguwar tafiya ba sai an sa ta. Awon bawul na gaba a kilomita 1,500 ne, tare da canjin mai da gwajin matsin silindu huɗu.